Wa Zai Riƙi 'Yar Kyaftin?

Ku gyara zama. Kai Mudi, kifa wayar nan a cinyarka, yau ba faɗa zan yi maka a kanta ba, don labarin da na zo da shi daga cikin irinta ya fito. Ba tatsuniya ba ce, babu gizo babu ƙoƙi. Magana ce ta wata marainiya 'yar shekara biyar, sunanta Ikilima, da mutum uku da kowannensu ke roƙon a ba shi riƙonta. Kada wanda ya tari numfashina. In na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku kuma ku yi ta musu har magariba.

Uban yarinyar, Malam Jazuli, maƙwabcina ne a sabuwar unguwarmu ta bayan Zariya, in dai za a kira wanda tsakaninka da shi akwai fegi huɗu da gonar masara maƙwabci. Malamin makarantar sakandare ne, mutum mai kawaici, ba ya zaman majalisa. Matarsa ta rasu Ikilima tana da shekara ɗaya. Aka yi aka yi ya ƙara aure, ya ce tukuna. Aka ce to ya kai yarinyar ƙauye wurin tsohuwarsa, ya ce idon tsohuwa ya yi rauni, shi zai riƙe abarsa. Shi ke mata wanka, shi ke kai ta kitso a bayan babur. Na taɓa samunsa a ƙofar gida yana fama da ɗaurin ɗankwalinta, ita tana gyara masa.

Abin da ban sani ba sai daga baya, duk ranar Asabar bayan azahar Malam Jazuli kyaftin ne na jirgin sama jannati. Ku yi dariyarku, ni ma da farko na yi. Wasan kwamfuta ne, sunansa da Turanci, bakina ba ya ɗaukarsa. Mutum huɗu ke tafiyar da jirgi ɗaya, kowa yana zaune a ɗakinsa a garinsu, ya kifa abin ji a kunne, hedifon suke ce masa, suna jin muryar juna. Dabarar wanda ya ƙera wasan ita ce babu mai ganin komai shi kaɗai. Matuƙi yana ganin hanya da taswirar taurari, amma bai san lafiyar inji ba. Injiniya yana ganin wuta da mai da iskar da ake shaƙa, amma bai san inda aka dosa ba. Mai saurare, wadda suke kira Kunne, ita ke jin abin da ke tahowa daga nesa, ita ce kuma ke riƙe da ƙararrawar jirgi. Kyaftin ba ya taɓa komai da hannunsa, nasa ya ji daga bakin kowa ya yanke hukunci. In ɗaya ya yi gyangyaɗi duka sun halaka. Jirgin kuma rai ɗaya gare shi, in ya tarwatse duk tafiyar da aka yi ta bi ruwa, sai a koma farko. Ni da na yi shekara talatin ina jan babbar mota, da aka yi mini bayani na ce wannan ai aiki ne aka cire masa albashi.

Jirginsu sunansa Gamzaki. Kunne mace ce, Bara'atu, tana aikin tace sauti a wani gidan rediyo a Kano, shekararta tara da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Matuƙi shi ne Nafi'u, ma'aikacin safiyo a Kaduna, mai awon filaye, yana da mata da 'ya'ya mata biyu sa'o'in Ikilima. Injiniya kuwa Lurwanu ne, mai gyaran janareta, yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa a gidan gado a nan Zariya. Shekara huɗu shi da Kyaftin suna gari ɗaya, tsakaninsu bai fi tafiyar rabin sa'a a babur ba, amma ko a hanya suka yi karo ba za su gane juna ba.

Dalili kuwa, tun ranar farko Malam Jazuli ya kafa musu doka, ya ce abin ƙasa a bar shi a ƙasa. Ba tambayar suna, ba tambayar gari, ba musayar lambar waya, ba ina iyali. Kowa da sunan kujerarsa ake kiransa, wanda kuma ya bi diddigin wani za a sauke shi daga jirgi. Su sun ɗauka tsarin wasa ne kawai. Ni da na san shi na gane abin da yake gudu. Tun da matarsa ta rasu kowa da idon tausayi yake kallonsa, cikin jirgin nan ne kaɗai ba wanda ya san an yi masa mutuwa. Iyakar abin da suka sani akwai yarinya a gidan, don wani lokaci sukan ji muryarta tana neman ruwa, sai Kyaftin ya ce, "Ku ɗan dakata mini, fasinja na kira."

Akwai wata dokar kuma, ita ce ta kawo mu inda muke yau. A farkon haɗuwarsu sun taɓa rasa jirgi, don sabis ɗin Kyaftin ya ɗauke ana tsakiyar haɗari, su ukun suka saki aiki suka tsaya kiransa har dutse ya murƙushe su. Da ya dawo ya yi musu faɗa sosai. Ya ce daga yau in kun ji na yi shiru, Matuƙi ya kira ni sau uku, in ban amsa ba ya karɓi jirgi a ci gaba, kuma ba mai barin kujerarsa sai an sauka. Kun san halin sabis a ƙasar nan. Dokar ta fitar da su kunya sau ba adadi, har ta zame musu jiki, suna bin ta ba sai sun yi tunani ba.

To, sai ga wata Asabar cikin marka. Shekara huɗu suna tafiya, saura mashigi ɗaya Gamzaki ya iso gida, wata ƙuntatacciyar hanya ce tsakanin duwatsu masu yawo, wadda wasan ke buɗewa sau ɗaya a wata uku. Da hantsi Kyaftin ya rubuta musu cewa babu wuta tun jiya, ga hadari ya haɗo, ko a ɗaga sai wani zagayen. Bara'atu ta mayar masa da cewa, "Haba Kyaftin, shekara huɗu muna keta sama, yau ruwan sama ne zai tsayar da mu?" Da wasa ta faɗa. Shi kuwa mutum ne da ba ya son a ce ta wajensa aka samu cikas, ya rubuta cewa shi ke nan, kowa ya hau kujerarsa.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, da iska mai kaɗa feshi har cikin rumfar da yake ajiye janaretansa. Sai ya jawo injin ya shigo da shi lungun da ke tsakanin falo da ɗakin kwana. Ya rufe tagogi saboda feshi. Ya tura ƙofar ƙarfe ya sa sakatar sama, don Ikilima akwai son fita wankan ruwan sama. Ya tayar da inji ya zauna.

Ana fara wasa Lurwanu ya ji ƙarar. Mutumin da kullum hannunsa ke cikin janareta, ko daga waya ya san injin da ke tsakar gida da wanda ke tsakanin bango huɗu. Ya ce, "Kyaftin, injin nan naka yau kamar a cinyarka ka ɗora shi." Kyaftin ya ce, "Injiniya, abin ƙasa a bar shi a ƙasa. Ba ni lissafin mai." Lurwanu ya yi dariya ya ba shi lissafin mai.

Sun yi fiye da sa'a ɗaya suna tafiya lafiya. Da suka shiga mashigin, maganar Kyaftin ta soma nauyi, ya ba da umarni biyu da ba su haɗu ba, suka ɗauka sabis ne ke yanke masa magana. Can sai ya yi shiru. Nafi'u ya kira shi sau uku kamar yadda aka saba, ba amsa. Ya ce, "Matuƙi ya karɓi jirgi. Kowa ya tsaya a kujerarsa." Suka ci gaba da kauce wa duwatsu, suna murna wai in Kyaftin ya dawo zai tarar sun kai masa jirgi gida. Minti goma sha shida suka yi a haka. Wasan yana rubuta komai da lokacinsa, daga baya sun je sun duba, da ma ba su duba ba.

Yanzu ku buɗe kunne, ga abin da kowa ya yi.

Bara'atu ce ta fara farga. A allonta kowane suna yana da ɗan haske a gefe, in sabis ɗin mutum ya ɗauke hasken kan mutu. Na Kyaftin yana nan kore shar. Ta kashe ƙarar wasan gaba ɗaya, ta ware layinsa shi kaɗai ta ƙure masa murya, irin aikin da take yi kullum a ofis. Ta ji inji, ta ji ruwa a kan kwano, a ƙarƙashinsu kuma ta ji wani minshari da ba na barci ba, sannan wata 'yar murya tana kakarin amai tana cewa, "Abba, kaina." Ta ce, "Matuƙi, saki jirgin nan. Kyaftin bai fita ba, faɗuwa ya yi." Lurwanu yana jin haka ya yi salati, ya ce hayaƙin inji ne, kuma in ba a fitar da su yanzu ba gawa biyu za a ɗauka.

Hedifon ɗin Kyaftin marar igiya ne, ya faɗi ƙasa lokacin da mai shi ya kife. Bara'atu ta danna ƙararrawar jirgi, wadda ke kuka a kunnen kowa, ta yi ta dannawa ba ƙaƙƙautawa har ta ji ana jan abin a kan siminti. Ta ce, "Fasinja, kina ji na? Ɗora wannan a kunnenki. Yaya sunanki?" Yarinya ta ce Ikilima. Ta ce mata ta buɗe ƙofa, yarinya ta ce Abba ya sa sakatar sama, hannunta ba ya kai wa. Ta tambaye ta ko akwai inda ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar, ta ce akwai. Ta ce, "To rarrafa ki je can, ki kwanta ki sa hancinki daidai inda iska ke shigowa." Minti arba'in ta riƙe yarinyar nan da baki kawai. Ta sa ta ƙirga, ta sa ta biya Fatiha da Ƙulhuwallahu, ta tambaye ta sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, in ta ji muryar ta soma lanƙwasa ta daka mata tsawa. Sau uku yarinyar tana cewa za ta je ta kwanta kusa da Abbanta, sau uku Bara'atu tana ce mata Abba barci yake yi, ya ce kada a tashe shi. Tana faɗa tana toshe bakinta kada yarinya ta ji kuka.

Nafi'u kuwa yana da wani sirri da ya yi shekara biyu yana ɓoyewa. Kyaftin ya taɓa tura musu hoton bakan gizo da ya ɗauka daga tsakar gidansa, a gefen hoton ga tankin ruwa na unguwa, ga ƙarfen sabis, ga wani dutse can baya. Nafi'u ya taɓa zuwa awon filaye a wannan yanki. Ido ya gane, zuciya ta ƙi haƙura, ya buɗe taswira ya auna har ya fitar da fegin da aka tsaya aka ɗauki hoton. Ya kuma san Injiniya a Zariya yake, don ya taɓa suɓutar baki ya ambaci Kwangila. Ya yi gum da bakinsa saboda tsoron a sauke shi daga jirgi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, "Na san gidansa, na karya doka tun tuni. Injiniya, garinku ɗaya. Faɗi lambarka."

Sanin gida ma ba shi ne ƙarshen aikinsa ba. Hanyar da kowa ke bi zuwa unguwarmu ta kan kwalbati take, ranar kuwa ruwa ya shanye kwalbatin, har motar ɗaukar yashi ta tsaya tana jira. Nafi'u yana Kaduna, amma ya san tudu da kwarin wannan ƙasa fiye da mu da ke kwana a kanta. Ya riƙe Lurwanu a waya, ya ce kada ya doshi kwalbati, ya juya ta bayan maƙabarta ya hau tsohon burtali, in ya ga durumi ya yi dama. Lungu lungu ya yi ta jan sa har ƙofar gida mai shuɗin fenti. Da ɗaya wayar kuma yana kiran asibitoci yana neman inda ke da iskar oksijin a ƙasa. Na farko ba su ɗaga ba, na biyu suka ce tasu ta ƙare, a na uku ya samu, ya yi ta magiya har suka fito da tukunyar iskar bakin ƙofa suna jira.

Lurwanu shi ne ya sa jikinsa. Ya fito ko rigar ruwa babu, ya ɗauki jakar aikinsa ya hau babur ɗinsa roba-roba. A kan burtali santsi ya kwashe shi, babur ya danne masa hannun hagu, ya ji ƙashi ya amsa. Ya tashi ya ci gaba, Allah ya taimake shi irin babur ɗin nan ba shi da kulochi. Ya iso ya tarar da gida a kulle, ya haura katanga mai fasassun kwalabe da hannu ɗaya. Ya zaro ƙarfen cire taya ya soka wajen sakata, ya sa gwiwa da ƙirji ya yi ta ɓanɓara har ƙofa ta saki. Ya tarar da yarinya kwance a cikin ruwan da ya malalo, da hedifon a kanta, idonta rabi a buɗe. Ya fito da ita tsakar gida. Ya ja numfashi ya riƙe, ya shiga ya kashe inji, ya kama Kyaftin ta wuyan riga ya ja shi zuwa tsakiyar falo, ƙarfi ya ƙare masa. Ya fito ya shaƙi iska ya koma. A karo na biyu ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, da rarrafe ya fito yana jan mutumin da bai taɓa ganin fuskarsa ba sai ranar.

Daga nan ni na shigo labarin. Ina kishingiɗe ina jin daɗin ruwa, na ji ana dukan ƙofata kamar za a karya. Na fito na ga mutum jina-jina, hannu yana reto, ya ce in zo. Na bi shi gidan Malam Jazuli. Babur mutum ɗaya zai ɗauka, kuma ba motar da za ta shigo unguwar. Na warware rawanina na ɗaure masa yarinyar a baya. Ya dubi Kyaftin da ke kwance a ƙarƙashin rumfa ya ce mini, "Baba, ka riƙe mini shi, kada ka bar shi rigingine. Zan dawo." Ni da 'ya'yana muka ɗora Malam Jazuli a kurar masu sayar da ruwa, muka tura cikin taɓo muka nufi titi. Kansa yana kan hannuna. Kafin mu kai kwalta ya cika. Na rufe masa ido, na ji baƙin cikin da rabona da irinsa tun rasuwar ɗan farina.

A asibiti aka sa wa Ikilima iska, kafin la'asar sakaliya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta zo da takarda ta tambayi Lurwanu sunan mahaifin yarinya. Ya buɗe baki ya ce Kyaftin. Ta ce sunansa na yanka take nufi. Sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka, ƙaton mutum da gemunsa. Shi kuwa Gamzaki, tunda kowa ya bar kujerarsa, ya daki dutse ya tarwatse saura ƙiris ya isa gida. Ana ta kai wa yake ta kaya, sai bayan kwana biyar wani cikinsu ya tuna da shi.

Likita ya faɗa a gabana cewa da yarinyar ba ta kwanta a bakin ƙofar nan ba, da ba a same ta da rai ba. Da an bi ta kwalbati, ko an je asibitin da ba iska, da ta tafi a hanya. Da kuma wanda ya je bai iya fasa ƙofar ba, ko ya shiga yana numfashi ya faɗi shi ma, da gawa uku za a fitar. Nafi'u, wanda ya iso daga Kaduna washegari da sassafe, ya tare likitan ya ce, "Shi uban fa, da mun zo da wuri da minti goma sha shida?" Likita ya dubi takalminsa, sannan ya ce rai a hannun Allah yake.

A wurin jana'iza suka fara ganin juna. Nafi'u ya yi wa wani mai hannu a ɗaure sallama, yana jin amsar ya ce, "Injiniya?" Nan suka rungume juna a cikin sahu. A bakin liman suka fara jin sunan Jazuli. Bara'atu ta zo daga Kano tare da mijinta, ta shiga wajen mata ta zauna a gefe, ba wanda ya san ta.

Yarinyar da kanta ba ta sauƙaƙa mana ba. Ranar da aka sallamo ta, tana jin muryar Bara'atu tana gaisuwa ta ratsa mata ta haye cinyarta, a nan ta yi barcinta na farko ba firgita. In Lurwanu ya shigo kuwa sai ta zagaya bayansa ta kama rigarsa wai ya goya ta, ba ta yarda kowa ya ɗauke ta a babur sai shi. Abinci kuma ta ƙi ci kwana biyu, sai da Nafi'u ya zo da matarsa da 'ya'yansa mata, suka zauna su uku a kwano ɗaya, ta ci har ta yi dariya.

Bayan addu'ar bakwai, tsohuwar Malam Jazuli, Inna Tabawa, ta sa aka tara su a zaurena. Tsohuwa ce tukuf, da sanda ake jan ta. Ta ce, "Bakwai na haifa, Jazuli kaɗai ya rage mini, ga shi ya riga ni. Dangin uwar yarinyar nan sun ƙare. Ni kuwa ko tuwona sai an miƙo mini. Ya sha gaya mini cewa, Inna, ina da wasu mutane da ban san fuskarsu ba, amma ba su taɓa saɓa mini alkawari ba. Ɗayanku zan ba riƙon jikata. Amma yarinya ba gona ba ce da za a raba ta gado, gida ɗaya za ta tashi."

Na zauna shari'u da yawa a rayuwata, na saba kowa ya zo yana lissafa alherinsa. Wannan ce ta farko da na ga kowa yana kawo laifinsa a matsayin hujja.

Bara'atu ta ce, "Inna, ya so a ɗaga wasan, ni na zuga shi. Ba don maganata ba da injin nan bai shiga ɗaki ba. Kuma na yi wa yarinyar nan ƙarya sau uku cewa ubanta barci yake yi. Ki bar ni in zauna kusa da ita har ta girma ta tambaye ni, in ba ta amsa da bakina." Mijinta ya ce shi ya yarda, ɗaki ma a share yake.

Nafi'u ya ce, "Inna, ni na karɓi jirgi. Ni na ce kowa ya tsaya a kujerarsa, alhali ɗanki yana kwance yana fitar da rai, kuma duk cikinmu ni kaɗai na san ƙofar gidansa. Minti goma sha shidan nan a wuyana suke. Ina da biyu, ki ba ni ta zama ta uku, duk abin da na yi musu zan yi mata."

Sai Lurwanu ya karɓa. Ya ce, "Inna, su ba su san inji ba, ni sana'ata ce. Tun minti na farko kunnena ya gaya mini inda injin nan yake. Na yi wa mutum ɗari gargaɗi a shagona, shi na mayar da abin raha. Kuma ni na zaɓa, na ɗauki 'yar na bar uban a ƙasa. Kabarin iyayenta biyu a garin nan yake, makarantarta a nan take. Ki bar ta inda ƙafarta ta sani."

Inna Tabawa ta share ido da gefen mayafi, ta juyo wajen da take jin numfashina ta ce, "Malam Tanimu, ɗana a hannunka ya cika. Kai za ka zaɓa." Na ce Inna wannan kaya ya fi ƙarfin kaina. Ta ce ai ita ma nata ya fi ƙarfinta, kuma ba wanda ya tambaye ta. Na roƙi a ba ni kwana uku.

Yau kwana biyu ke nan, yarinyar tana gidana wajen mai ɗakina. Na juya maganar ta kowace fuska. In na ce Bara'atu, sai in tuna murya ba ta fasa ƙofa. In na ce Lurwanu, sai in tuna da ba a nuna masa hanya ba da yana can bakin kwalbati yana kallon ruwa. In na ce Nafi'u, sai in tuna da ba a ce masa ya saki jirgi ba da har yanzu tuƙi yake yi. In kuma na koma auna laifi, ban san ko mai laifi mafi nauyi shi ya kamata a ba don ya samu abin fansa ba, ko shi ya kamata a hana.

Ɗazu da zan fito, Ikilima ta tare ni a soro da 'yar jakar makarantarta, ta cusa kayanta duka a ciki har da takalmin Abbanta ƙafa ɗaya. Ta ce, "Baba, gidan wa za ni?" Na ce mata gobe zan gaya miki.

Goben kuwa tana nan tafe, ni kuma ba ni da amsa. To, ku da kuka ji komai, tsakanin wadda ta ji, da wanda ya san hanya, da wanda ya je, wa zan miƙa wa hannun yarinyar nan?